Masu Auna Ruwa: Aikinsu Da Hanyar Zama Ɗaya Daga Cikinsu

Lacca da aka gabatar wa ɗalibai da malamansu da sauran jama'a a Jabi, Abuja



An umurce ni in yi muku bayani a kan wata sana'a wadda ba kasafai yaro yakan ambace ta ba idan an tambaye shi abin da yake so ya zama. Yakan ce likita, ko lauya, ko soja, ko matuƙin jirgin sama. Da wuya ka ji wanda ya ce shi mai auna ruwa zai zama, watau masanin da ke bin diddigin ruwan sama da na kogi da na ƙarƙashin ƙasa, ya san yawansa, ya san lokacin zuwansa da na tafiyarsa, ya rubuta, ya koyar a jami'a, ya kuma ba hukuma shawara. A jami'o'i ana kiran wannan fanni haidiroloji. Mu a nan za mu riƙa ce masa ilmin ruwa.

Wannan tafki na Jabi ya isa misali, domin ba na asali ba ne, hannun mutum ne ya tare shi. Kamar yadda kuka sani, ran 3 ga Fabrairu 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro sabon Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma samuwar ruwa tana cikin abubuwan da kwamitin ya duba kafin ya zaɓi wurin. A 1981 aka datse rafin Jabi don a shayar da magina da ma'aikatan farko, da ƙiyasin mutum wajen dubu ɗari. Ba a daɗe ba aka ga ba zai wadatar ba, sai aka gina madatsar Usuma kusa da Ushafa a cikin shekarun 1980, wadda ke riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 100. Gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, jama'a suka yi ta kwararowa, har Usuma ma ta nemi taimako. Shi ya sa aka janyo ruwa daga madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna, ta cikin wani ƙaton bututu mai tsawon kilomita 75. Tafkin Jabi kuwa ya koma wurin shaƙatawa da kamun kifi.

To, a kowane mataki na wannan tarihi akwai tambaya guda wadda tilas wani ya amsa kafin a zuba ko da buhun siminti ɗaya: ruwa nawa wannan kogi yake kawowa a shekarar da damina ta yi kyau, nawa yake kawowa a shekarar fari, kuma ina iyakar cikarsa ran da ya fusata? Injiniya ya iya gini, mai kuɗi ya iya biya, amma amsar wannan tambaya tana hannun mai auna ruwa.

Yadda Ake Awon

Bari mu fara da mudun da ake awo da shi. Kubik mita ɗaya shi ne ruwan da zai cika tanki mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Lita dubu ke nan, watau jarka arba'in irin ta 'yan garuwa mai cin lita ashirin da biyar. Ruwan sama kuma da milimita ake auna shi, a cikin wani ɗan gwangwani mai mazurari da ake kafawa a fili, nesa da inuwar itace da indararo. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Saboda haka idan kuka ji a rediyo an ce an yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, to kowace kadada ta karɓi lita dubu ɗari biyar, jarka dubu ashirin. Wani ya nutse cikin ƙasa, wani rana ta shanye, saura kuma ya gangara kwari. Rabon da ke tsakanin waɗannan uku shi ne gindin ilmin ruwa duka.

Awon kogi ya fi wuya. Abin da ake fara yi shi ne a kafa sandar awo mai lambobi a jikin ƙafar gada ko a gaɓar kogi, a ɗauki wani mutumin wurin ya riƙa dubawa safe da yamma yana rubuta inda ruwa ya kai. Amma tsayin ruwa kaɗai ba ya faɗin yawansa. Sai ma'aikata sun shiga kwalekwale, sun ratsa kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna auna zurfi, suna kuma tsoma wata na'ura mai farfela wadda ke nuna saurin gudun ruwa. Idan aka san faɗi da zurfi da sauri, sai lissafi ya ba da yawan kubik mita da ke wucewa a kowace sakan. Ana maimaita wannan a rani da bazara da tsakiyar damina, har a sami jadawalin da zai ce in sanda ta nuna kaza, to ruwa kaza ke wucewa. Sa'an nan fa littafin mai duba sanda ya zama dukiya. Sai dai kogunanmu na Arewa masu yashi ne. Ambaliya guda takan kwashe yashi daga nan ta jibge can, jadawalin bara ya tashi daga aiki, dole a sake komawa cikin kwalekwale.

A zamanin yanzu akwai na'urorin da ke auna tsayin ruwa da kansu su aika da saƙo ofis, akwai masu auna saurin ruwa da amon sauti, ga kuma taurarin ɗan Adam da ke hango faɗin tafki daga sama. Duk sun sauƙaƙa aiki ƙwarai. Amma kada kowa ya ruɗe ku: tauraron ɗan Adam ƙiyasi yake yi, kuma ba a sanin gaskiyar ƙiyasinsa sai an gwada shi da abin da mutum ya gani da idonsa a jikin sanda.

Amfanin Dogon Tarihi

Mutanen Masar sun riga kowa gane wannan. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira har yanzu akwai ma'aunin Kogin Nilu wanda aka gina a shekara ta 861, zamanin Halifa Mutawakkil. Rijiya ce mai ginshiƙin dutse a tsakiya, an tsaga masa alamomi, kuma da abin da ya nuna ne hukuma take yanka harajin shekara, gama cikar Nilu ita ce amfanin gona. Wani Baturen Ingila mai suna Harold Hurst, wanda ya shafe fiye da shekara sittin yana aikin wannan kogi, ya zauna da waɗannan tsofaffin lambobi na ɗaruruwan shekaru. A 1951 ya bayyana abin da ya gano: shekarun ruwa da shekarun fari ba a warwatse suke zuwa ba kamar ƙuri'a, jerin gwano suke yi. Masu kyau su biyo juna, munana su biyo juna. Daga baya, a 1968, waɗansu masana biyu a Amurka suka laƙaba wa wannan hali sunan Annabi Yusufu, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci. Ma'anar wannan ga mai gina madatsa babba ce. Wanda ya auna kogi shekara goma kawai, mai yiwuwa ne goman nan duk na yalwa ne, shi kuwa ya ɗauka haka kogin yake tun fil azal.

Mu ma muna da namu tarihin. Tsofaffi a ƙasar Hausa sun bar mana labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kuma abin lura, a shekarar 1913 ɗin nan Nilu ma ya yi wata irin ƙaranta da aka daɗe ba a ga kamarta ba. Shekarun 1950 da farkon 1960 kuwa na ruwa ne. Sai fari ya dawo a 1972 da 1973, ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984. A watan Yuni 1985 Kogin Kwara ya tsaya cik a Yamai, mutane suna ƙetare shi da ƙafa.

Wurin da wannan darasi ya fi tsada a gare mu shi ne Tafkin Cadi. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. A kan wannan yalwa aka tsara babban shirin noman rani na Kudancin Cadi a ƙasar Marte ta Jihar Barno, da niyyar shayar da kadada 67,000 ta alkama da shinkafa. Aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafkin, aka kafa manyan injunan turo ruwa da tashar lantarki, aka buɗe kashi na farko a 1979. Ana cikin aikin tafkin yana ja da baya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa na dā, bakin hanyar ruwan ya zauna a kan busasshiyar ƙasa, injuna suka yi shiru. Ba ginin ne ya lalace ba, kuma ba manoman ne suka yi lalaci ba. Lambobin da aka dogara da su ne suka yi gajarta. Alhali kuwa tun farkon ƙarni na ashirin wani hafsan Faransa mai suna Jean Tilho ya tarar da tafkin a tsuke, har ya rubuta cewa Cadi kama uku gare shi: babba, da matsakaici, da ƙarami. A ganina duk ɗalibin da zai shiga wannan fanni ya kamata a fara karanta masa labarin Marte kafin a koya masa lissafi ko ɗaya.

Akwai kuma darasin Haɗeja. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, domin Kano ta sha, Kadawa da Kura su yi noman rani, kuma lalle an sami wannan amfani. Amma kogi ba ya ƙarewa a inda aka datse shi. Can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru da Gashuwa, rayuwar mutane ta ginu ne a kan ambaliyar damina wadda ke malala ta janye: shinkafa in ruwa ya zo, kifi yana ciki, wake da alkama in ya janye, makiyaya kuma su sauko da rani. Da aka tare ambaliyar aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ya nutse, wani ya bushe. Malaman jami'a ne suka fara auna wannan canji suka rubuta, cikinsu har da Farfesa E. A. Olofin na Jami'ar Bayero, wanda ya yi nazarin abin da Tiga ta jawo wa Kogin Kano a ƙasa da madatsar. Irin wannan bincike ba ya faranta wa kowa rai a lokacin da aka yi shi. Amma da shi ne daga baya aka zauna ana maganar yadda za a raba ruwa tsakanin jihohin sama da na ƙasa.

Ambaliya

Yanzu kuma abin da ya fi damun jama'a shi ne yawan ruwa. Kogin Kwara cika biyu yake yi a shekara a wajen Kainji. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda daminarmu ke kawowa daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya zuba a duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana cikin hunturu. Wanda ke riƙe da ƙofofin Kainji da Jebba tilas ya san abin da ke tafe tun yana Yamai, in ba haka ba ko ya saki ruwan da za a nema a rani, ko ya riƙe har ya zama dole ya sake shi gaba ɗaya a kan mutane. Don haka ne ƙasashe tara na kwarin wannan kogi suke da hukuma guda mai mazauni a Yamai, wadda aka sake wa fasali a 1980, suna musayar lambobi.

A Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, an fi shekara ɗari ana duba sandar awo. Ran 29 ga Satumba 2012 ta nuna mita 12.84, ruwan da ke wucewa ya haura kubik mita dubu talatin a sakan guda, watau fiye da jarka miliyan ɗaya kafin ka ƙifta ido. A ambaliyar wannan shekara hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan biyu kuma suka bar gidajensu. A 2022 ruwan ya zarce na 2012, mamata suka haura ɗari shida. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, shekara talatin bayan irin wannan ta faru a 1994. A ƙarshen Mayu 2025 kuma Mokwa ta Jihar Neja ta yi asarar mutum fiye da ɗari da hamsin a dare ɗaya.

Duk lokacin da Binuwai ya cika za ku ji ana cewa Kamaru ce ta buɗe madatsar Lagdo. Gaskiya ne ana sakin ruwa daga Lagdo, wadda aka gama a 1982, kuma mutanen Adamawa suna jin zuwansa a jikinsu. Amma kafin Binuwai ya kai Makurɗi ya haɗiye Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, kuma ruwan waɗannan ba ta ƙofar Lagdo yake biyowa ba. Nawa ne na Lagdo, nawa ne namu? Ba a raba wannan gardama da baki, sai da sandar awo a bakin kowane kogi.

Hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi ita ce Hukumar Kula da Awon Ruwa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NIHSA. Dokar 2010 ce ta kafa ta, hedikwatarta kuwa tana Utako, maƙwabciyar Jabi. An kasa ƙasar nan kashi takwas bisa ga kwarin koguna, tana da ma'aikata a kowane kashi. Tun daga 2013, kowace shekara kafin damina ta kankama, takan fitar da hasashen ambaliya mai ɗauke da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, bayan Hukumar Yanayi ta NiMet ta fitar da nata hasashen na ruwan sama.

A nan ina so in gyara wata magana da ke ruɗa mutane. Idan masana suka ce wannan ambaliya ce ta shekara ɗari, ba suna nufin in ta zo bana an huta sai jikoki ba. Nufinsu shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari ta zo. Wanda ya gina gida a irin wannan wuri ya zauna shekara talatin, lissafi ya nuna yiwuwar ta same shi ta kai ɗaya cikin huɗu. Wa zai hau motar da aka ce masa ɗaya cikin huɗu ba ta kaiwa?

Kuma ba sai an je bakin Kwara ba. A nan Abuja, filin da dā ciyawa da gonakin Gwari ke shanye ruwansa yanzu kwano ne da kwalta da daɓen siminti. Ruwan da dā yakan yi yini yana tsiyaya, yanzu cikin rabin sa'a ya taru a kwari, ya tarar an yi gini a hanyarsa. Abin da ya sami rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yuni 2023 ke nan. Ƙananan rafukan birni irin waɗannan su ne aka fi ƙarancin lambobinsu, ga shi kuwa su ne ke shiga ɗakin kwanan mutane. Ƙarƙashin ƙasa ma haka. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma mai wannan karin magana bai zauna a kan dutsen Abuja ba. Ƙasar nan dutse ce, ruwanta yana maƙale ne a cikin tsaguwa da ruɓaɓɓen dutse na sama, ba kamar ƙasar Sakkwato ko Barno mai shimfiɗar yashi a ƙarƙashi ba. Kowane gida yana haƙa rijiyar burtsatse, maƙwabci na zuƙe wa maƙwabci, ba tare da an auna abin da damina ke mayarwa ba.

Hanyar Shiga

To, ɗalibai, ga hanya. Tun daga sakandare a riƙe lissafi da fizik da kemistiri da labarin ƙasa, a kuma iya Turanci, don da shi za a yi rubutu. A jami'a ƙofofi uku ne. Akwai injiniyancin ruwa ko na gine-gine ko na aikin gona, shekara biyar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe sukutum na injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli. Akwai ilmin duwatsu da ma'adinai, shekara huɗu, ga mai sha'awar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma labarin ƙasa, wanda ta nan ne manyan malamai irin su Farfesa J. O. Ayoade na Ibadan da Farfesa Lekan Oyebande na Ikko suka shigo. Wanda bai sami jami'a kai tsaye ba kada ya karai. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke hanyar Mando a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1979, tana horar da ma'aikatan ruwa, a Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET da ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari.

Bayan digiri na farko da hidimar ƙasa sai digiri na biyu, sa'an nan na uku wanda ke sa a kira mutum dakta. Mai son zama malamin jami'a yakan fara daga mataimakin malami, ya bi matakan lacca ɗaya bayan ɗaya, ya zama babban malami, har ya kai farfesa. Ba a hawa da yawan shekaru kawai, sai da binciken da mutum ya buga, wanda waɗansu masana suka tantance. Daga shiga jami'a zuwa digiri na uku, wanda bai yi tuntuɓe ba ma sai ya ba shekara goma baya. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙaro ilmin malaman manyan makarantun gwamnati. Wanda kuma koyarwa ba ta kwanta masa ba, akwai NIHSA, da hukumomin raya kwarin koguna goma sha biyu waɗanda asalinsu ya koma ga na Sakkwato-Rima da na Cadi a 1973, da hukumomin ruwan sha na jihohi, da masu sarrafa madatsun lantarki.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Albashin malamin jami'a ba ya sa mutum ya yi arziki. Ranar da kowa ke gudun kogi ita ce ranar da ake bukatar mai awo a kansa, gama awon babbar cika sau ɗaya ya fi awon rani hamsin daraja. Za ka nemi lambobin wani kogi ka tarar an rubuta su da kyau daga shekarun 1960, sa'an nan a wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kuɗin gwamnati ya yi ƙaranci, sai shafuka su zama farare. Wannan giɓi ba ya cikuwa. Hanya in ta lalace a sake ta, gada in ta karye a gina wata, amma ruwan da ya wuce a Agustan 1989 ba wanda ya rubuta shi, ya wuce ke nan har abada. Jarabar da ke samun ɗalibi a nan ita ce ya cike giɓin da lambar da ya ƙaga, don kundinsa ya yi kyau. Kada ku kuskura. Wata rana wani injiniya zai ɗauki lambar nan ya yanke faɗin gada da ita, mutane kuma su hau.

Ladan aikin kuwa shi ne tambayoyin da ba a amsa ba suna da yawa, kuma a ƙofar gidanku suke. Ga misali guda mai ban mamaki. A yammacin Jamhuriyar Nijar, kewayen Yamai, masana na Nijar da Faransa sun bi rijiyoyi suna aunawa, suka tarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da wajen mita huɗu tsakanin 1963 da 2007, alhali a cikin waɗannan shekaru ne aka yi manyan fari. Dalili shi ne an sare daji an mai da shi gona, ƙasa ta yi tauri, ruwan sama ya daina tsayawa inda ya zuba, sai ya gangara ya taru a tafkuna, daga nan ya nutse. Ba wanda zai gane haka yana zaune a ofis. Igiya da ma'auni aka zura a rijiya shekara da shekaru. Shin haka abin yake a Katsina da Daura da Gumel? Laka nawa ta taru a cikin Tiga da Bakolori da Goronyo tun da aka gina su, kuma ruwa nawa suke iya riƙewa yau? Wane irin ruwa ne ke shigowa wannan tafki na Jabi daga magudanun unguwannin da suka kewaye shi? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa digiri na uku. Ina kuma kira ga 'yan mata musamman. Mata ne suka fi kowa sanin rijiyar da ke ƙafewa a watan Maris da wadda ke kaiwa damina, kuma a garuruwa da yawa mace ce kaɗai za ta iya shiga gida ta tambayo.

Sauran magana ta iyayenmu ce, sarakuna da dagatai da masu unguwanni. Idan aka kafa sandar awo ko akwatin na'ura a gadar garinku, ku ɗauke shi amanar gari. Akan sami waɗanda ke cire farantin hasken rana da batirin da ke jikinsa su sayar, ba su san sun tsone idon da ke tsaron mutanen da ke ƙasa da su ba. A hana yara wasa da sandar, a hana masu wanki ɗaura igiya a jikinta, kuma in ambaliya ta tafi da ita a sanar da ofishin hukumar kwarin kogi mafi kusa ba tare da jinkiri ba. In ruwa ya yi wata cika da ba a saba gani ba, a sa alama da fenti a jikin bangon makaranta ko ginshiƙin gada daidai inda ya tsaya, a rubuta rana da wata da shekara. Ma'aikata za su zo su auna tsayin alamar. Hasashen ambaliya kuma yakan fito ne kafin damina ta yi ƙarfi, ana karanta shi a gidajen rediyo, ana aika wa gwamnatocin jihohi. Ku tambayi shugaban ƙaramar hukumarku ko sunan yankinku yana ciki, in kuwa yana ciki, a zauna tun ƙasa tana bushe a yanke tudun da za a kai mata da yara da dabbobi, da wanda zai yi shela.

 Ɗalibai masu tambaya a kan darussa da makarantu, sai su miƙa hannu.